Tsohon Jirgi Mai Tiyub: Ta Ina Ake Fara Gyara?

Duk mai bin labaran duniya ya taɓa ganinsa, ko da bai san sunansa ba. Ƙaramin jirgin ruwa ne mai gudun gaske, an zagaye bakinsa da ƙaton tiyub cike da iska, inji na rataye a bayansa. Da shi masu aikin ceto ke zuwa tsamo mutane idan jirgin 'yan ci-rani ya fara nutsewa a Bahar Rum, da shi kuma sojojin ruwa ke sintiri a bakin teku. Turawan Ingila suna ce masa RIB. Abin da ya raba shi da jirgin roba zalla, irin wanda ake sace wa iska a naɗe, shi ne ƙasansa: ƙwarya ce mai tauri ta faiba ko ta alminiyam, mai tsini daga ƙasa don ta riƙa yanka igiyar ruwa. Shi kuwa tiyub ɗin yana hana jirgin kifewa, yana shanye duka idan an yi karo, sannan ko ruwa ya cika jirgin fal ba ya barinsa ya nutse.

A garuruwan gaɓar tekun Birtaniya akwai irin waɗannan jirage birjik da suka kwana biyu, wasu sun haura shekara 30. Za ka gan su a kan tirela a bayan gida ko a harabar masu gyara, tiyub ya saki ya kwanta, launinsa ya koɗe, ganye ya taru a ciki. Ana sayar da su da araha, kuma kullum ba a rasa mai sha'awar da zai saya da niyyar tayar da shi. A ganina mafi yawan masu wannan niyya suna farawa ne ta inda bai kamata ba. Ido yana tafiya kan tiyub, domin shi ne a sarari, shi ne kuma ya yi muni. Amma hukuncin jirgin, ya gyaru ko bai gyaru ba, yana wurin katakon da aka binne a cikin faiba, wanda ba ya nuna kansa sai an bi shi.

Shi kansa wannan jirgi a wurin gyara aka haife shi. A 1962 aka buɗe makarantar Atlantic College a tsohuwar fadar St Donat's da ke kudancin Wales, a bakin mashigin ruwan Bristol, inda bambancin cikar teku da janyewarsa kan haura mita 12 a wasu wuraren. Shugabanta na farko, Desmond Hoare, tsohon babban hafsan sojan ruwa ne kuma injiniya. Ɗaliban suna aikin ceto a gaɓar da jiragen roba, duwatsun wurin kuma ba sa barin ƙasan jiragen ya kwana lafiya: yau a yi faci, gobe ya yage. A 1964 suka yanke ƙasan wani jirginsu da ya ƙare, suka manna filawud a madadinsa. Shimfiɗaɗɗen katako ya hana yagewa, amma yana dukan ruwa da ƙarfi idan teku ya tashi, sai suka shiga sassaƙa ƙasan yana yin tsini. A 1969 ɗalibai suka haɗa wani mai ƙafa 21 cikin mako 3, aka sa masa suna Psychedelic Surfer, ya shiga tseren kewaye Birtaniya tare da manyan jirage masu tsada, ya kuma kai ƙarshe. Hoare ya yi wa fasahar rajista, ya miƙa ta ga RNLI, ƙungiyar ceton rai a teku ta Birtaniya da Ayalan, a kan fam 1. A 1972 ƙungiyar ta fara aiki da jirgin da ta kira Atlantic 21, kuma har yau tana da cibiya a East Cowes da ke tsibirin Wight inda ake ƙera irin waɗannan jirage, ake kuma dawo da su lokaci-lokaci a kwance su a sabunta.

Abin lura a nan shi ne, tun asali jirgin abu biyu ne aka haɗa da gam, kuma kwanansu ba ɗaya ba ne. Tiyub abu ne mai ƙarewa, rana da gishiri da gogayya suna cinsa ko da an kula da shi. Ƙwarya mai kyau kuwa tana iya ganin bayan tiyub biyu ko uku. Saboda haka mataccen tiyub ba ya nufin jirgi ya mutu. Ruɓaɓɓiyar ƙwarya ita ce ke kashe jirgi, ko da tiyub ɗinsa yana sheƙi.

Wurin da ya kamata mai saye ya fara tsugunawa shi ne allon baya, inda ake rataya inji. Duk ƙarfin da inji ke turawa ta nan yake bi ya shiga jirgin, ga kuma nauyin injin kansa yana jijjiga shi a ruwa da kan titi. A mafi yawan tsofaffin jirage wannan allo filawud ne mai kauri da aka lulluɓe da faiba ciki da waje. Muddin lulluɓin bai huje ba, katakon zai zauna a bushe shekara da shekaru. To amma ana huda shi tun ranar farko: ramukan notin inji, ramin matsiyayar ruwa, ramukan sukurun da wani ya ɗaura tsani ko na'urar auna zurfi. Kowane rami da ba a toshe shi da kyau ba ƙofa ce. Ruwa yana shiga a hankali, ba ya samun hanyar fita, katakon ya jiƙa ya ruɓe alhali fatar waje tana nan sumul.

Masu gyara suna da hanyoyin tambayarsa. A ɗaga ƙafar injin sama, a kama ta a danna da nauyin jiki, ido na kan allon. Idan ya motsa, ko wata tsaga ta buɗe baki a kusurwa, magana ta ƙare. A ɗauki ƙaramar guduma a bi shi ana ƙwanƙwasawa: lafiyayyen wuri yana amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dim, a dushe. A duba ƙarƙashin notin inji, idan akwai layin ruwa mai launin shayi da ya gangaro ya bushe, daga cikin katakon ya fito. A duba wasan noti ko ya nutse cikin faiba, alamar abin da ke bayansa ya yi laushi. Idan har yanzu ana kokwanto, sai a huda ɗan ƙaramin rami daga ciki, can ƙasa, a tari garin da ke fitowa a tafin hannu. Fari busasshe mai ƙamshin katako albishir ne. Baƙi mai danshi da ke cuɗewa tsakanin yatsu yana nufin aiki babba.

Daɓen jirgin shi ma haka. Galibi filawud ne da faiba a kansa, kuma an ɗaure kujeru da mazaunin sitiyari a kai da sukuru. A taka ko'ina da diddige, musamman gindin kujeru. Ƙarƙashin daɓen akwai haƙarƙarin da ke riƙe ƙwaryar, wani lokaci kuma da soso da aka cusa don ya hana nutsewa. Soson nan idan ya daɗe cikin ruwa yana sha ya ƙoshi, ba ya kuma bushewa. Jirgin sai ya yi nauyi, ya ƙi tashi kan ruwa, ya riƙa shan fetur, mai shi yana ta zargin inji. Hanya mai sauƙi ita ce a ja jirgin zuwa ma'aunin manyan motoci, a cire nauyin tirela da na inji, a gwada abin da ya rage da nauyin da kamfani ya rubuta.

Akwai wani jirgi da ke ruɗa sababbin shiga, kuma ya kamata a ambace shi domin yana cikin waɗanda aka fi tayarwa a Birtaniya. Shi ne Searider na kamfanin Avon na Llanelli a Wales, wanda ya fito a 1969. A bayansa, can ƙasa, akwai ƙaton rami a buɗe, kuma da gangan aka bar shi. Idan jirgin yana tsaye ruwa yana shiga ya cika tsakanin daɓe da ƙwarya, jirgin ya zauna daram, tiyub ya kwanta kan ruwa. Da an ba shi wuta sai ruwan ya zube ta baya, jirgin ya yi sauƙi ya tashi. Wanda bai sani ba zai ɗauka ɓarna ce ya toshe. Wasu suna toshewa da saninsu don jirgin ya riƙa tashi da wuri, amma sun sayar da natsuwarsa ke nan a lokacin da ake jawo mutum daga ruwa.

Sai tankin mai, idan a ƙarƙashin daɓe aka binne shi. Tankin alminiyam da ya zauna cikin ruwan gishiri yana hujewa daga ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Tun watan Satumba na 2021 kuma fetur ɗin da aka fi sayarwa a Ingila da Wales da Sukotilan yana iya ɗauke da sinadarin etanol har kashi 10 cikin 100, wanda ke cin tsofaffin tiyon mai, yana kuma jawo ruwa. Warin fetur a ƙarƙashin daɓe ba abin da za a ce bari sai an dawo ba ne. Tunda za a ɗaga daɓe, a canza tanki da tiyo gaba ɗaya.

Sauya allon baya aiki ne mai ƙura da ƙaiƙayi, amma ba ya fi ƙarfin mai haƙuri. Akan yanke fatar ciki a bar ta waje, domin ita ce ke riƙe da siffar jirgin. A ƙwaƙule ruɓaɓɓen katakon tas, har kusurwoyi, a goge, a bar wurin ya bushe sosai, ko da zai ɗauki makonni. Sannan a yanko filawud na jirgin ruwa, wanda aka haɗa da gam mai jure jiƙa, yawanci falle biyu a manna su, a shafe kowane gefe da rezin, musamman bakin da aka yanka, a zaunar da shi a kan kwaɓi mai kauri don kada a bar kogon iska, a matse. Daga nan a bi shi da faiba falle-falle, kowane falle yana zarce na ƙasansa yana kama gefen ƙwarya da ƙasanta. Akwai wani ɗan mataki da ake yawan tsallakewa, ni kuwa ina ganin shi ne rabin aikin. Duk ramin da za a huda a sabon allon, a fara huda shi ya fi yadda ake so faɗi, a cika shi da rezin efoksi, idan ya daskare a sake huda daidai girman noti a tsakiya. Ta haka ko ruwa ya bi noti ba zai taɓa katako ba. Wanda ya tsallake wannan ya sake dasa ciwon da ya gama cirewa.

Kan rezin kuwa ana yawan gardama. Da foliyesta aka gina ƙwaryar tun farko, yana da araha, kuma jelkot, wato farar fatar nan mai sheƙi ta waje, yana kama shi da kyau. Ana ɗiga masa sinadarin daskarwa kashi 1 zuwa 2 cikin 100, idan aka cika hannu zai yi zafi ya daskare a cikin kwano kafin a shafa. Efoksi ya fi tsada, amma ya fi kama tsohuwar faiba da katako, ya kuma fi hana ruwa wucewa. Matsalarsa ita ce jelkot ba ya son zama a kansa, sannan tabarmar faibar nan mai yankakken zare, wadda aka yi don foliyesta, ba ta narkewa ta kwanta da kyau a cikinsa. Ni dai inda ƙarfi ake nema kuma ido ba ya gani, efoksi zan zaɓa. Inda gyaran fata ne a waje, foliyesta da jelkot sun wadatar. Kowanne aka ɗauka, rami ko tsaga ba a cika shi haka kawai: sai an fafe bakinsa ya yi gangare mai faɗi, kamar ninki 12 na kaurin wurin, don sabuwar faiba ta sami inda za ta kama.

Ba kowace tsaga ce abin tsoro ba. Siraran nan masu kama da saƙar gizo a jelkot yawanci a fata suka tsaya, a buɗe su kaɗan a cike. Amma dogayen da ke bin layi ɗaya a ƙasan jirgi, ko waɗanda ke kusurwar allon baya, suna faɗa maka wani abu yana lanƙwasa a ciki. Jirgin da ya daɗe a kan ruwa kuma yakan yi ƙuraje a ƙasa, idan aka fasa ɗaya ruwa mai tsami mai warin binega ya fito. Ruwa ne ya ratsa jelkot ya haɗu da ragowar sinadarai. A fafe su, a wanke da ruwa mai daɗi, a bari su bushe, a cike da efoksi. Ba kasafai suke kashe ƙaramin jirgi ba. Ƙwaryar alminiyam ba ta da waɗannan matsaloli, nata ciwon shi ne cin da ke kama ta inda ta haɗu da wani ƙarfe daban, kuma ba a shafa mata fentin ƙasan jirgi mai tagulla.

Yanzu sai tiyub. Tambayar farko ita ce da me aka yi shi, domin wanda ya yi kuskure a nan duk facin da ya yi ɓarewa zai yi. Iri biyu aka fi samu. Akwai wanda ake kira Hypalon: saƙaƙƙen yadi ne mai ƙarfi a tsakiya, robar niyofirin daga ciki tana riƙe iska, wata roba mai jure rana da mai daga waje. Sunan na kamfanin DuPont ne, wanda ya sanar a 2009 cewa zai rufe masana'antarsa ta Beaumont a jihar Texas, amma wasu kamfanoni sun ci gaba da yin robar, irin su Tosoh na Japan, sunan kuma ya zauna a bakin mutane. Da gam ake haɗa shi, da hannu, shi ya sa yake da tsada. Akwai kuma PVC, mai araha, wanda ake iya liƙewa da zafi a inji. An cuɗa shi da wani sinadari da ke sa shi laushi, rana kuma tana fitar da sinadarin a hankali, sai fatar ta yi danƙo, ta koma ruwan ƙasa, daga baya ta bushe ta fara tsagewa. Wannan sinadarin yana kuma kashe gam, shi ya sa tsohon tiyub na PVC ke zubar da hannayensa da igiyoyinsa ɗaya bayan ɗaya. Akan ce PVC yana kai wajen shekara 10, Hypalon kuma 20 ko fiye idan an kula, a ƙasashe masu zafin rana kuwa tazarar ta fi haka fitowa fili.

Gane su ba wuya. A kwance bawul a leƙa ciki: Hypalon cikinsa baƙi ne ko toka-toka ko da wajensa ja ne, PVC kuwa launi ɗaya ne ciki da waje. Ko a goga samfefa a wani ɓoyayyen wuri: Hypalon zai dushe ya ba da gari, PVC zai karce kawai ya ci gaba da ƙyalli. Ko a ɗiga asiton a tsumma a shafa, PVC zai yi danƙo nan take.

Neman inda iska ke fita aikin mai faci ne, sai dai shi mai faci yana tsoma tiyub a baho, nan kuwa ruwan ake kai wa tiyub. A cika shi da iska, a kaɗa sabulu a ruwa, a bi shi da buroshi taƙi-taƙi ana kallon kumfa. A fara da bawul, don sau da yawa shi ne mai laifi: yashi ya shiga, ko robarsa ta bushe, ko ya saki daga mazauninsa. Bawul irin na Leafield da ke kan jiragen Birtaniya da yawa ana samun kayan gyaransa, kuma aikin minti kaɗan ne. Sai layukan haɗi, sai ƙarƙashin tiyub inda ya haɗu da ƙwarya, sai ƙarshensa na baya da ke shan ruwa da duka. A cikin tiyub kuma akwai bangaye da suka raba shi ɗaki-ɗaki, don idan ɗaya ya fashe sauran su riƙe jirgin. Waɗannan ba a ganinsu, kuma mutane suna mantawa da su. A sace iskar duka, a cika ɗaki ɗaya kaɗai, a bar bawul ɗin maƙwabcinsa a buɗe a kasa kunne. Idan iska na fita ta can, bangon ya mutu, jirgin da ake zaton ɗaki biyar gare shi ya koma mai ɗaki huɗu ba tare da kowa ya sani ba.

Rami ɗaya ko biyu a lafiyayyen yadi ba komai ba ne. Amma yin facin da zai riƙe yana da ƙa'ida, kuma gaggawa ce babbar maƙiyarsa. Gam mai haɗi biyu ake so, wanda ake zuba wa sinadarin ƙarfafawa, don mai haɗi ɗaya yana saki idan rana ta gasa shi. Na Hypalon daban, na PVC daban. A yanko faci daga irin yadin, ya zarce ramin da santimita 5 ta kowane gefe, a zagaye kusurwoyinsa don kada su sami bakin ɓarewa. A ɗora a zana, a kewaye da salatif. Idan Hypalon ne a goge fuska biyun da samfefa har ƙyallin ya tafi, amma kada a kai ga zare, a share da toluwin. Idan PVC ne da sinadarin MEK ake sharewa. A shafa gam siriri a duka fuskokin, a bari ya bushe kamar rabin awa, a sake shafawa, a jira har ya zama idan ka taɓa da bayan yatsa yana kamawa amma ba ya biyo ka. Sannan a ɗora daga gefe ɗaya ana kwantarwa, domin da sun haɗu ba sa sake motsi. A bi da rola da ƙarfi daga tsakiya zuwa baki. Yagewa mai tsawo tana son faci biyu, na ciki da na waje.

Yanayin wurin ma yana cikin haɗin. Ana son zafi tsakanin digiri 18 da 25, laimar iska ƙasa da kashi 60 cikin 100, a inuwa. A Birtaniya wannan ba ƙaramin sharaɗi ba ne, kuma shi ne dalilin da facin bakin teku da na garejin hunturu ke yawan ɓarewa. Yayin da sinadarin gam ke tashi yana sanyaya fuskar, raɓa ta sauka a kai, sai ka ga gam ɗin da ke ƙyalli ya yi fari-fari kamar an hura masa numfashi. Idan ya yi haka ya lalace, sai a sake. Bayan an gama a bar shi aƙalla awa 24 kafin a sa iska, kwanaki kuma kafin ya kai cikar ƙarfinsa. Sinadaran nan suna kama wuta, suna kuma illa ga huhu, don haka takunkumi mai tace tururi da safar hannu da buɗaɗɗiyar ƙofa dole ne. Wani abin baƙin ciki shi ne man ƙyalli mai silikon da masu jirgi ke shafa wa tiyub don ya yi kyau: yana shiga yadin, kuma gam ba ya kama inda ya taɓa.

Akwai ranar da faci ke daina amfani. Idan ka shafa ruwan sabulu ka ga wuri mai faɗi ya yi ƙananan kumfa kamar gumi, yadin ne kansa ya zama rariya. Idan fatar waje ta cinye har zare ya bayyana a wurare da yawa, ko kana gyara haɗi ɗaya na kusa da shi na buɗewa, gam ɗin jirgin gaba ɗaya ya tsufa. A nan ne kasuwa ke miƙo magunguna biyu, wani ruwa da ake ɗurawa ciki a jujjuya ya toshe ƙananan ramuka, da fentin roba da ake shafawa a waje. Ba na cewa ba su da amfani. A kan yadin da ya koɗe amma yana da ƙarfi, suna ƙara masa 'yan shekaru. Amma ba sa mayar da ƙarfin haɗin da ya saki, suna kuma wahalar da duk facin da za a yi daga baya. Abin da ya fi damuna shi ne yadda ake amfani da fentin a rufe ruɓa a sayar wa wanda bai sani ba. Wannan kitso ne da ƙwarƙwata, kuma wanda zai gano gaskiyar yana iya gano ta ne mil biyar daga tudu da 'ya'yansa a jirgi.

Sabon tiyub shi ne gyaran gaskiya idan an kai nan. Wasu jiragen, kamar da yawa daga na kamfanin Zodiac na Faransa, tiyub ɗinsu zurawa ake yi a wata kwata da ke gefen ƙwarya, ana iya zare shi a zura sabo. Mafi yawan na Birtaniya kuwa mannawa ake yi. Sai an bi tsohon da na'urar hura zafi ana ɓarewa a hankali, a kankare tsohon gam daga leɓen ƙwaryar har a kai ga faiba mai tsabta. Masu sana'ar suna farke tsohon tiyub su yi awo da shi, su yanka sabon yadi, irin Orca na kamfanin Pennel & Flipo, su haɗa shi gunduwa-gunduwa, su zaunar da shi daidai a kan leɓen, su bi da ɗauri ciki da waje. Mai ƙarfin hali yana iya cire tsohon da kankare gam da kansa ya rage kuɗi. Haɗa sabon dai na fi son a bar wa masu shi. Tiyub da ya karkace da ɗan yatsa biyu yana sa jirgi ya riƙa jan gefe har ƙarshen rayuwarsa.

Wannan ne ya sa jerin aikin yake da muhimmanci. A cire tsohon tiyub, a gama duk yanka da guga da zubar rezin, a gyara leɓen da aka daɗe ba a gani ba, sannan sabon tiyub ya zo a ƙarshe. Wanda ya fara da tiyub don jirgin ya yi kyan gani, daga baya ya gano allon baya ya ruɓe, zai yi aikin giranda a gefen yadi mafi tsada a jirgin, ko ma ya ɓare abin da ya biya aka manna.

Batun kuɗi ba a ɓoye shi. Sabon tiyub na Hypalon sau da yawa ya fi kuɗin da aka sayi tsohon jirgin da tirelarsa, kuma wanda ya tayar da jirgi don ya sayar ya ci riba da wuya kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Lissafin yana fita ne ga wanda zai riƙe jirgin ya yi shekaru yana aiki da shi, domin zai sami abin da ya san cikinsa da wajensa a kan kuɗin da bai kai na sabo ba. Akwai kuma wani dalili da nake ba nauyi: faiba ba ta ruɓewa, sake sarrafa ta kuma yana da wuya da tsada, don haka ƙwaryar da aka yar yawanci a rami take ƙarewa ko a yashe a bakin ruwa. Amma idan allon baya da daɓe da haƙarƙari da tiyub da inji duk sun tafi, a haƙura, a cire abin da zai yi amfani a nemi wata ƙwaryar.

Wanda ya kai ga ɗora inji ya nemi ɗan allon ƙarfen da kamfani ya liƙa, mai nuna iyakar ƙarfin doki da nauyin da jirgin zai ɗauka. Tsofaffin jiragen nan an zana su ne a zamanin injuna masu shan fetur haɗe da baƙin mai, waɗanda ba su da nauyi. Injunan yanzu masu ɗakin baƙin mai daban sukan fi su nauyi ko da ƙarfinsu ɗaya ne, sai bayan jirgin ya nutse, ruwa ya riƙa haurowa idan an tsaya. Iskar tiyub kuma da ma'auni ake sa ta, wajen bar 0.2, kusan kashi ɗaya cikin goma na iskar tayar mota, da famfon ƙafa ko na lantarki mai tsayawa da kansa. Tiyub da aka cika tam da sanyin safiya yana iya fasa haɗi da azahar idan jirgin na kan tudu, shi ya sa ake sa bawul mai rage iska da kansa a sabon tiyub. Fitar farko a yi ta a ruwa mai kwanciya, kusa da gaɓa, da rigar kariya, igiyar kashe inji ɗaure a ƙafar direba. Bayan an fito a ɗaga hancin tirela, a buɗe matsiyayar baya, a tsaya a ga yawan ruwan da zai zubo. Idan ya wuce ɗan kaɗan, akwai ramin da ba a gano ba tukuna, sai a koma a nemo shi kafin fita ta biyu.